Sarki da Waziri da Aku: Tarken Ginshiƙan Shugabanci a Cikin Magana Jari Ce

1.0 GABATARWA

Ba mu tsammanin akwai wani littafin zube na Hausa da aka karanta a makarantunmu kamar yadda aka karanta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Tun daga 1937, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ta fara fito da shi a ƙarƙashin jagorancin Dokta R. M. East, manazarta suke ta tofa albarkacin bakinsu a kan salonsa, da karin maganarsa, da raharsa, da kuma tushen labaransa, watau inda marubucin ya samo su a littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, da yadda ya mayar da su 'yan gida. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne uwar labarin, watau labarin Sarki Abdurrahman da Wazirinsa da aku, wanda a cikinsa aka zuba sauran labaran duka. Yawancin masu karatu sukan ɗauki wannan uwar labari tamkar igiyar da aka ɗaure dami da ita, da zarar an kwance sai a yar da ita a koma kan hatsi.

A ganinmu wannan kuskure ne. Uwar labarin ita ce wuri ɗaya tak a cikin littafin inda aka nuna mana ma'aikata cikakkiya tana tafiya: ga shugaba, ga mataimaki, ga mai ba da shawara, ga magaji, ga dukiya da rayukan jama'a a hannunsu. Manufar wannan takarda ita ce ta auna shugabancin da aka nuna a wannan fada, ta ga inda ya tsaya da ƙafafunsa da inda ya gurgunce, sa'an nan ta tambaya ko marubucin ya ɗora laifi a inda ya kamata ya ɗora shi.

Dalilin wannan tambaya ba shi da nisa. Mu da muke koyar da wannan littafi a kwalejojin horon malamai mun san cewa ɗaliban da ke gabanmu su ne gobe za a danƙa wa makarantu su shugabanta. Mun kuma lura cewa duk sa'ad da aka tambaye su wane ne ya jefa ƙasar Sarki Abdurrahman cikin haɗari, amsa ɗaya suke bayarwa da baki ɗaya: Waziri. Idan har wannan ne kaɗai darasin da za su fita da shi, to, akwai sauran aiki a gabanmu.

2.0 MA'AUNIN TARKE

Ba za mu je nesa neman ma'auni ba, domin ƙasar Hausa ta daɗe da nata rubuce-rubuce a kan wannan fanni. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, littafin nan Tajuddini, mai babi takwas. A cikin abubuwan da ya wajabta wa shugaba akwai kyautata niyya, da tsara ma'aikatansa kowa da aikinsa, da yin hattara a gida da tafiya, da binciken al'amura da kansa, da adalci a hukunci, da tara dukiya ta hanyar halal da kashe ta inda ya dace. Gargaɗin da ya fi nanatawa kuwa shi ne kada shugaba ya shige bayan labule ya yanke tsakaninsa da talakawansa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya kafa mulki a kan ginshiƙai biyar: kada a ba da shugabanci ga mai nemansa, a lizimci shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata. Ya kuma ambaci mataimaka huɗu da shugaba ba ya wadatuwa daga gare su, na farkonsu shi ne amintaccen waziri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi wannan sawu a cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, inda ya jera tushe bakwai, har da wajabcin zama da malamai da neman shawararsu.

Idan muka waiwayi masana sha'anin gudanarwa na Turai, za mu tarar ba su yi hannun riga da waɗannan ba. Henri Fayol, injiniyan ma'adinai ɗan ƙasar Faransa, a littafinsa na 1916 ya kasa aikin shugaba gida biyar: hangen gaba, da tsara ma'aikata, da ba da umurni, da daidaita sassa, da bin diddigi. Ya kuma nuna cewa iko da alhaki tagwaye ne, duk inda aka ba mutum ɗaya sai ɗayan ya biyo shi.

Daga waɗannan duka za mu tsamo ginshiƙai huɗu da suka shafi labarinmu kai tsaye: mallakar zuciya tare da shawara, da zaɓen mataimaki, da wakilci tare da bin diddigi, da kuma buɗe ƙofar gaskiya.

3.0 UWAR LABARIN A TAƘAICE

Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji babban sarki ne a wata ƙasa ta gabas, mai dukiya da ƙasaita, amma ya daɗe ba shi da ɗa namiji. Wazirinsa ya sa rai ga gadon sarauta, sai haihuwar Musa ta yanke masa wannan buri. Musa ya tashi tare da Mahmudu, jikan Sarki, ba su rabuwa. Da suka girma sai Sarkin Sinari ya aiko da neman a haɗa 'yarsa Sinaratu aure da Musa, Sarki Abdurrahman ya fusata, ya wulaƙanta manzannin. Wannan ya haifar da yaƙi, Waziri kuwa ya haɗa baki da abokan gaba a asirce. Sarki ya fita daga tare da Mahmudu, ya bar gari a hannun Waziri, ya bar Musa a gida tare da wani aku mai hikima da aka saya daga hannun wani Balarabe. Kowane dare Musa yakan yi shirin fita ya bi Mahmudu, akun kuwa ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Da haka ya kuɓuta daga tarkon Waziri har Sarki ya komo, asiri ya tonu, aka naɗa aku Waziri. A littafi na biyu Waziri Aku ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma ya zauna horon ɗansa Fasih.

4.0 SARKI ABDURRAHMAN A KAN MA'AUNI

4.1 Fushi da Rashin Shawara

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, ba Waziri ne ya ƙirƙiro yaƙin Sinari ba. Tarar da shi ya yi a shirye, ya hau. Wanda ya kunna wutar shi ne Sarki da kansa, a ranar da aka zo masa da maganar aure ya mayar da ita maganar gaba. Ko da a ce neman bai yi masa daɗi ba, akwai hanyoyin ƙin abu da yawa waɗanda ba su zubar da mutuncin manzo, kuma a al'adar sarauta wulaƙanta manzo wulaƙanta wanda ya aiko shi ne. Sarki bai ɗaga maganar zuwa gobe ba, bai bar zuciyarsa ta huce ba, bai auna abin da zai biyo baya ba. A zama ɗaya ya rushe biyu daga ginshiƙan nan biyar na Shehu Usmanu, watau shawara da barin tsanani, ya kuma kasa aikin farko a jerin Fayol, watau hangen gaba.

Fushin talaka a gidansa yake ƙarewa, amma fushin shugaba jama'a ne suke biyan kuɗinsa. Mayaƙan da suka fita daga ba su san abin da wasiƙar Sinari ta ƙunsa ba, ba a kuma tambaye su ba. Duk da haka littafin bai tsaya ko sau ɗaya ya lissafa wannan hasara a kan Sarki ba.

4.2 Zaɓen Mataimaki

Waziri mutum ne mai kwaɗayin mulki, irin wanda Shehu Usmanu ya ce kada a ba shi. Tambayar da ta dace ita ce, yaya aka yi irin wannan mutum ya kai ga kujera ta biyu a ƙasa, ya kuma daɗe a kanta tun kafin haihuwar Musa har Musa ya isa aure, ba tare da ubangidansa ya gane halinsa ba? Ɗayan biyu ne. Ko dai Sarki ya sani ya kau da kai, ko kuwa bai sani ba sam. Idan na farko ne, ya yi sakaci da amana. Idan na biyu ne, ya gaza a babin nan na Almagili na binciken al'amura. Kowanne muka ɗauka, alhaki bai sauka daga kansa ba.

Har wa yau, akwai hannun Sarki a cikin burin Waziri. Shekara da shekaru maganar gado tana rataye, ba a yanke ta ba, ba a kafa wata ƙa'ida da kowa ya sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk ma'aikatar da ba a san yadda ake hawa kujerunta ba, mutanenta sukan koma neman hawa ta bayan gida.

4.3 Wakilci da Bin Diddigi

Babu shugaban da zai iya kasancewa ko'ina a lokaci guda, saboda haka ba laifi ba ne Sarki ya wakilta wani da zai fita yaƙi. Laifin yana ga yadda aka yi wakilcin. An bar gari a hannun mutumin da ya fi kowa amfana da mutuwar Musa, aka kuma bar Musa a cikin garin nan. Abin da ya tsaya tsakanin yaron da halaka shi ne bakin tsuntsu. Da labari ya ƙare wa aku dare ɗaya, da gidan sarautar ya ƙare tare da shi.

Mai karatu yakan ji daɗin wannan, domin a nan ne jan hankalin littafin yake. Amma mai nazarin shugabanci dole ya ga abin da ke ƙarƙashi: ƙasar ta tsira ne da sa'a da kuma baiwar mutum guda, ba da kyawun tsari ba. Shugaba yana iya miƙa iko ga wakili, amma ba ya iya miƙa masa alhaki ya wanke hannunsa.

4.4 Inda Sarki Ya Cancanci Yabo

Adalcin tarke shi ne a faɗi alheri kamar yadda aka faɗi aibi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da kansa, bai tura wasu su mutu shi yana kwance ba. Abin da ya fi wannan kuwa, ya karɓi ilmi daga inda ba a zata ba. Aku baƙo ne, saye aka yi, ba shi da dangi a fada, ba shi da asalin sarauta, amma da Sarki ya ga amfaninsa bai tsaya tambayar ɗan wane ne ba, har ya ɗora shi bisa manyan fadawa. A cikin al'ummar da ake gadon muƙami, wannan ba ƙaramar magana ba ce Imam ya faɗa a 1937, kuma muna ganin ita ce saƙon da ya fi kowane ƙarfi a uwar labarin: cancanta tana gaba da asali.

5.0 AKU DA ƘOFAR GASKIYA

Aku shi ne tauraron littafin, shi ne kuma abin koyin da marubucin ya ajiye wa mai karatu. Yana da amana, da haƙuri, da hankali, da ladabi, da hikima, watau rabin siffofin nan goma da A. H. M. Kirk-Greene ya jera a laccarsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa. Amma akwai siffa ɗaya da ya kamata mu tsaya a kanta, ita ce gaskiya. Ba mu ce aku maƙaryaci ne ba. Abin da muka ce shi ne, makaminsa kewaye ne. Ba hujja yake kafa wa Musa har ya gamsu ya zauna ba, shagaltar da shi yake yi har lokacin fita ya wuce. Shi ya sa kowane dare sai an sake sabon lale, domin ba a taɓa kawar da niyyar fitar daga zuciyar yaron ba.

Tushen wannan dabara yana cikin asalin tsarin da Imam ya aro. A littafin Farisa mai suna Tutinama, wanda Nakhshabi ya rubuta a ƙarni na 14 bisa wani tsohon littafin Indiya na labaran aku guda 70, tsuntsaye biyu ne a gidan. Ta farko ta faɗi gaskiya kai tsaye, aka kashe ta. Aku ya ga abin da ya sami 'yar'uwarsa, sai ya koma ba da labari. Ke nan hikimar aku 'yar tsoro ce, an haife ta ne a gidan da faɗin gaskiya yake jawo halaka.

Ba mu musun cewa iya magana jari ce, kuma duk mai ba shugaba shawara yana bukatar sanin lokaci da lafazi. Amma idan har ya zama ba a iya gaya wa shugaba gaskiya sai an naɗe ta cikin tatsuniya, to, wannan shaida ce a kan shugaban, ba abin yabo ba ne ga fadarsa. Littafin ya koya wa na ƙasa yadda zai yi magana ya tsira da wuyansa. Bai koya wa na sama yadda zai saurari abin da ba ya so ya ji ba. Daga cikin darussan nan biyu kuwa, na biyun ne ginshiƙin shugabanci.

Bugu da ƙari, naɗin aku bai gyara tsarin fadar ba. Da, kunnen Sarki yana hannun mutum ɗaya mugu. Yanzu yana hannun mutum ɗaya nagari. An sauya mai tsaron ƙofa, amma ƙofar tana nan guda ɗaya, labulen nan da Almagili ya yi gargaɗi a kansa bai yaye ba. Littafi na uku ya ƙara fito da wannan a fili. Horon da aka yi wa Fasih abin yabo ne ta fuskar shirya magaji tun da wuri, abin da Sarki Abdurrahman ya kasa yi. Sai dai wanda ya hau kujera da cancanta, ga shi ɗansa yake shiryawa. Ƙofar da aka buɗe a littafi na ɗaya an sake saya ta a na uku, alhali gadon mulki ba tare da shawara ba yana cikin al'adun da Kitabul Farƙi ya soka.

6.0 UZURIN MARUBUCI

Mai yiwuwa wani ya ce mun ɗora wa littafin kayan da ba nasa ba, domin an rubuta shi ne don yara su koyi karatu su kuma nishaɗantu, ba don ya zama kundin mulki ba. Muna da amsa biyu. Ta farko, littafin da kansa ne ya sa kansa a wannan sahu, tun da ya keɓe kashi ɗaya cikin uku ga horon mai jiran wazirci. Ta biyu, abin da aka karanta da ƙuruciya ya fi zama a zuciya bisa abin da aka karanta don jarrabawa, saboda haka littafin yara ya fi cancantar a bincike shi.

Uzurin da muka fi karɓa shi ne na zamani. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai sa'ad da ya rubuta littafin, malamin makaranta ne a Katsina, yana rubutu a ƙarƙashin hukumar 'yan mulkin mallaka, a zamanin da sarki shi kaɗai ne En'e a ƙasarsa. A irin wannan hali sukar waziri abu ne mai yiwuwa, sukar sarki kuwa ba a ko fara ta. Sai a 1950 ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iya miƙewa a Majalisar Jihar Arewa ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Shi kansa Imam, bayan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya sami bakin magana, har ya kai kukan Arewa ga Lugga a ziyararsa ta Ingila a 1943, daga baya kuma ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, inda maganar cancanta ta zama aikinsa na yau da kullum. Idan aka dubi wannan, ba mamaki a ce akun nan Imam ne da kansa: mai ilmi, marar gadon sarauta, wanda ya san gaskiya ya kuma san iyakar abin da fada za ta iya ji. Ya ajiye kurakuran Sarki a fili ga mai ido, ya bar hukunci ga mai karatu.

Wannan uzuri ya wanke marubuci, amma bai wanke mu ba. Takunkumin da ya sa shi kewaye ba ya bakinmu, saboda haka ba mu da dalilin da za mu ci gaba da karanta littafin kamar yana nan.

7.0 KAMMALAWA

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa uwar labarin Magana Jari Ce nazari ne a kan shugabanci, kuma idan aka auna Sarki Abdurrahman da ma'aunin Almagili da Shehu Usmanu da Muhammadu Bello da Fayol, za a tarar ya gaza a ginshiƙai uku, watau mallakar zuciya da shawara, da zaɓen mataimaki, da bin diddigin wakili. A na huɗu, watau buɗe ƙofar gaskiya, ya yi rabi ya bar rabi. Muguntar Waziri gaskiya ce, amma a gonar da Sarki ya bari ba shinge ta yi kiwo.

Shawararmu ga 'yan'uwanmu malamai ita ce a daina tsallake uwar labarin a aji, a kuma sauya tambayar da ake yi wa ɗalibai. Maimakon a tambaye su wane ne mugu, a tambaye su wane ne ya naɗa shi, wane ne ya bar masa gari, me kuma ya hana a gane shi da wuri. Ɗalibin da ya saba da tambayar farko, ranar da ya zama shugaban makaranta abu ya lalace, mataimakinsa zai nema ya ɗora wa laifi. Wanda ya saba da ta biyu kuwa zai fara duba ko yana kiran taron malamai, ko ana iya musa masa a taron, ko kuma ya san abin da ke gudana a azuzuwa ba ta bakin mutum ɗaya ba. Muna kuma fata wasu manazarta za su ɗauki wannan ma'auni su gwada shi a kan sarakunan da ke cikin ƙananan labaran littafin, domin a ga ko hukuncin da muka yanke a nan zai tsaya ko zai bukaci gyara.